Ful, Waken Da Ake Shukawa Cikin Sanyi

Duk wanda Allah ya nufa da sauke farali, ko kuwa ya yi zaman karatu a Alƙahira ko Hartum, ya san wani abinci da ake kira ful. Shi ne waken nan mai faɗi, mai launin ƙasa-ƙasa, wanda ake kwana ana dafawa cikin wata tukunyar ƙarfe mai kama da tulu, da safe a kwarfo shi da dogon ludayi, a dandaƙa, a zuba mai da albasa, a ci da gurasa. A Makka da Madina da Jidda da burodin tamis ake haɗa shi. A Masar kuwa, ban da dafaffen, sukan jiƙa shi su niƙa tare da ɗanyun ganyaye su toya, su kira shi ta'amiya, wanda in ka gan shi cikin kasko sai ka rantse ƙosai ne. Mutanen Sudan suna ce masa ful masri, watau waken Masar, domin su bambanta shi da gyaɗa, wadda Larabawa ke kira ful sudani. 'Yan'uwanmu Hausawa mazauna can, tun daga zuriyar waɗanda suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 har zuwa manoman Jazira, da shi suke karya kumallo kamar sauran maƙwabtansu.

To, masu cin ful suna da yawa, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa ganinsa tsaye a gona. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in mutum ya ga gwangwaninsa a manyan kantuna da tsada, ya ce a ransa, ai wake wake ne, me zai hana mu noma abinmu? Amsar wannan tambaya tana cikin furensa. Ful ba ya ƙulla 'ya'ya sai furensa ya fito cikin sanyi-sanyi, bayan tsananin ɗari ya wuce, kafin kuma zafi da ƙwari su iso. Wannan tsakani 'yan makonni ne kawai, kuma duk dabarar manomansa, daga Ingila har bakin Kogin Nilu, ba ta wuce neman ranar shukar da za ta jefa fure cikin waɗannan makonni ba.

Siffarsa da asalinsa

Masana tsirrai suna kiransa Vicia faba. Bai yi kama da wakenmu a gona ba ko kaɗan, gama shi ba ya yaɗo kuma ba ya hawa kara. A tsaye yake fita, karansa mai kusurwa huɗu, cikinsa rami, tsawonsa yakan kai ƙugun mutum ko ƙirjinsa. Furen yana fitowa tuli-tuli a hammatar ganye, fari mai baƙin ɗigo a gefe, da ƙamshi mai daɗi wanda akan jiyo tun daga bakin gona. Kwansonsa kauri gare shi, cikinsa da wani farin laushi kamar auduga, inda 'ya'yan ke kwance. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na busasshiyar ƙwayar, ko fiye da haka, sinadarin gina jiki ne, shi ya sa a Masar ake yi masa laƙabi da naman talaka. Kamar sauran dangin wake, yana da ƙananan ƙulli a saiwarsa inda wasu ƙwayoyin halitta ke zaune suna jawo taki daga iska, saboda haka alkamar da ta biyo bayansa a gona takan ci gajiyarsa.

Yana cikin tsofaffin abubuwan da ɗan Adam ya fara nomawa. An tono ƙonannun ƙwayoyinsa a kufan wasu ƙauyuka na yankin Galili, kusa da Nazarat, waɗanda aka ƙiyasta sun kai shekara 10,000. Wani abin al'ajabi kuma shi ne har yau ba a sami kakansa na daji yana raye a ko'ina ba. A yau ƙasar Sin ce kan gaba wajen nomansa, sa'an nan Habasha da Ingila da Ostareliya suna cikin manyan masu noma shi. Wanda ya duba waɗannan ƙasashe zai ga abu ɗaya ya haɗa su: ko dai suna da hunturu mai tsawo, ko kuwa suna da tsaunuka masu sanyi.

Yadda ake yi a Ingila

Bari mu fara da Ingila, inda sanyi ya fi tsanani, domin a can ne dabarar ta fi fitowa fili. Sai dai a lura, lokutan shekararsu ba irin namu ba ne. Hunturunsu daga Disamba zuwa Fabrairu yake, da ruwan sama da ƙanƙara da gajeruwar rana. Abin da ke biye da shi, daga Maris zuwa Mayu, wanda muke fassarawa da bazara don rashin wata kalma, lokaci ne na sanyi-sanyi da tohon itatuwa, ba shi da dangantaka da zafin bazararmu.

Yawancin kayan lambu a can sai wannan bazara ta shigo ake shuka su. Amma mai lambun da ya san ful yakan shuka shi tun daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, daidai lokacin da kowa ke kwashe kayansa daga lambu. Ba kowane iri ke jure wannan ba. Wanda ya fi shahara wajen masu lambu shi ne Aquadulce Claudia, mai dogon kwanso, wanda asalin sunansa daga harshen Sifaniyanci yake, ma'anarsa ruwa mai daɗi. Akan binne ƙwayar zurfin inci 2 zuwa 3, a bar wajen inci 9 tsakanin ƙwaya da ƙwaya, a jera layi biyu kusa da juna, sa'an nan a bar hanya mai faɗin ƙafa 2 kafin wani layi biyun. Ƙasar tana da sauran ɗumin kaka, saboda haka cikin mako biyu zuwa huɗu sai ya tsiro. Da ya kai tsawon yatsa ko tafin hannu sai ɗari ya sauko, ya tsaya cik.

Wanda bai sani ba, in ya ga waɗannan 'yan tsirrai a tsugune cikin Janairu, wata biyu ba su ƙara ko inci ɗaya ba, sai ya ce an yi hasarar iri. Alhali kuwa aikin a ƙarƙashin ƙasa ake yinsa. Saiwa tana ta nutsawa a hankali, gindin kuma yana shirya rassa biyu ko uku ko huɗu waɗanda za su taso tare daga baya. Har ila yau, sanyin da ke shigowa kaɗan-kaɗan yana horar da shi: sukari yakan taru cikin ruwan jikinsa, ya sa ba ya saurin daskarewa, har ya iya jure wajen digiri 10 ƙasa da sifiri. Amma fa ƙaramin tsiro ne ke da wannan juriya. Wanda ya yi gaggawa ya shuka a Satumba, wakensa zai yi tsawo da laushi kafin ɗari, iska ta kakkarya shi, ƙanƙara ta ƙone shi ya yi baƙi. Wanda kuma ya yi jinkiri har Disamba, ƙwayar za ta daɗe kwance cikin ƙasa mai sanyi da laima, ko ta ruɓe, ko ɓeraye su tone ta. Masu lambun can sukan ce laima ta fi ɗari kisa, don haka mai ƙasar laka wadda ruwa ke kwanciya a kanta ya fi kyau ya yi kunya mai tudu, ko ya haƙura sai Fabrairu ko Maris.

Makonnin fure

Sa'ad da rana ta fara tsawo cikin Maris, sai tsiron da ya kwana cikin sanyi ya zabura, tun da saiwarsa a shirye take. Cikin Afrilu ya rufe da fure, a daidai lokacin da wanda aka shuka da bazara bai wuce ganye shida ko takwas ba. A ƙarshen Mayu ko farkon Yuni an fara roron ɗanye, mako uku ko huɗu kafin na sauran mutane, a lokacin da lambu ba shi da wani abin kirki da za a kai kicin.

Riga mutane kai wa tukunya riba ce, amma akwai wadda ta fi ta. Babban abokin gaban ful a Ingila wata baƙar darɓa ce, wadda ke yin hunturu tana ƙwai a jikin wani ɗan itacen shinge, sa'an nan cikin Mayu da Yuni masu fiffike su taso su sauka kan toho mai laushi na wake, su hayayyafa har kan tsiron ya koma baƙi ƙirin. Waken da aka shuka da bazara, darɓar nan takan same shi yana tsakiyar fure, ta tsotse shi. Wanda ya kwana cikin sanyi kuwa, kafin ta iso ya riga ya ƙulla 'ya'yan ƙasa, jikinsa ya yi tauri. Abin da ya rage wa mai lambu shi ne ya bi ya tsinke kan kowane kara, wajen inci 3, ya hana darɓa wurin sauka, ya kuma mai da ƙarfin tsiron ga kwanso. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara, to, wannan shi ne.

Duk da haka furen wuri yana da nasa hatsarin. Ful yakan yi fure fiye da abin da zai iya riƙewa, mafi yawansa zubewa yake yi ko da a shekara mai kyau. Wani kashi yana ƙulla ɗa da kansa, wani kuwa sai ƙudan zuma ya shiga ya motsa shi, ya kawo masa garin wani fure. A Turai mai wannan aiki da farkon bazara wani ƙaton ƙudan zuma ne mai gashi, wanda ke iya tashi cikin sanyin da ƙudan amya ba ya fita. Su ma iri-iri ne. Mai dogon harshe ta ƙofa yake shiga, ya sha zaƙi ya biya da aiki. Mai gajeren harshe kuwa sai ya zaga ta baya ya huda gindin furen, ya sha ya tafi bai taɓa garin ba, ƙudan amya kuma su biyo ta wannan huda. Idan hunturu ya yi sauƙi ƙwarai har wake ya ruɗu ya yi fure tun Fabrairu ko farkon Maris, to, ƙudan bai fito sosai ba, kuma dare ɗaya na ƙanƙara ya isa ya kakkaɓe furen. Sa'ar da ake ci ita ce tsiron ba ya fid da furensa gaba ɗaya. Daga ƙasa yake farawa yana hawa, in na farko ya lalace na sama ya maye. In kuma bazara ta zo da yawan ruwa da laima, sai wata cutar naman gwari mai sa ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa a ganye ta kama, musamman inda aka cunkushe shuka iska ba ta ratsawa.

Bakin Nilu a Sudan

Yanzu sai mu sauko kudu, inda lissafin ya juya. Manomin Ingila tsoronsa kada sanyi ya yi yawa. Na Sudan kuwa tsoronsa kada sanyi ya ƙare bai gama ba. Ana noman ful a Sudan a arewacin Hartum, a Jihar Arewa da Jihar Kogin Nilu, wuraren Dongola da Sulaim da Merowe da Shandi, a 'yar siririyar ƙasar da ke bin gaɓar kogi, hamada dama da hagu. Ruwan sama ba abin dogaro ba ne a can, da injin ake ɗebo ruwan Nilu a ba shuka duk bayan mako ɗaya ko biyu. Akan shuka daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, fure ya fito cikin Disamba da Janairu lokacin da dare ya fi sanyi, a girbe cikin Fabrairu ko Maris, watau wajen wata huɗu ke nan.

Ƙofar tasu ƙunci gare ta. In an shuka da wuri, ƙasa tana da sauran zafi, cutar ruɓewar saiwa da yaushi takan kashe yabanya. In an makara, fure zai ci karo da zafin ƙarshen Fabrairu ya zube, wanda ya ƙulla kuma ƙwayarsa ta motse. Haka kuma ƙishirwa: ful yana iya haƙuri da jinkirin ruwa yana ƙarami, amma in aka tsallake masa ban ruwa yana cikin fure, shekarar ta tafi. Tashar binciken aikin gona ta Hudeiba, kusa da garin Damar, ta shafe shekaru tana aiki kan wannan, har ta fid da irin da ke ɗauke da sunanta, kamar Hudeiba 72 da Hudeiba 93. A 1979 kuma cibiyar ICARDA, wadda aka kafa a Halab ta ƙasar Sham a 1977 domin noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa, ta buɗe wani shiri na Kwarin Nilu kan ful tare da Masar da Sudan, daga baya Habasha ta shigo. Cikin abubuwan da aka gwada har da kai noman kudu da Hartum, zuwa Jazira da makamantanta, inda ƙasa take da yalwa. An samu ya yi, amma bai kai na arewa ba, saboda sanyin can gajere ne.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya nuna yadda wannan lissafi yake rataye da zare. Jihohin arewa sun cika da 'yan gudun hijira masu bukatar abinci, man inji ya yi tsada, sa'an nan cikin Janairu 2025 aka kai hari da jirage marasa matuƙi kan kayan lantarki na madatsar ruwan Merowe, wuta ta ɗauke a wurare da yawa. Injunan ban ruwa masu yawa a wannan yanki da lantarki suke aiki, Janairu kuwa shi ne watan fure da cikar kwanso. Wanda ya kashe wuta a wannan wata bai bukatar ya taka gonar kowa kafin ya ƙwace wa talaka karin kumallonsa. Allah ya kawo musu ƙarshen wannan fitina.

Darasin Masar

Masar tana da sanyin da ya fi na Sudan tsawo, amma tana da wata annoba da suke kira haluk. Duk manomin dawa da gero zai gane ta nan take, gama 'yar'uwar ƙuduji ce, dangi ɗaya suke. Irinta kamar ƙura yake, yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10, ba ya tsirowa sai ya ji ruwan da saiwar wake ke fitarwa. Daga nan sai ya liƙe wa saiwar ya yi ta tsotso a ɓoye, ba ya ɓullowa sama sai wake ya shiga fure, lokacin kuwa ɓarna ta riga ta auku. Ta fi ƙuduji rashin kunya ma, domin ita ko koren ganye ba ta da shi. Haluk ya fi ƙarfi in ƙasa tana da ɗumi, saboda haka dabarar da aka koya wa manoma ita ce su jinkirta shuka da mako biyu ko uku zuwa cikin Nuwamba, ƙasa ta yi sanyi tukuna. Jinkirin yana rage haluk, amma yana matsar da fure kusa da zafi, ya rage amfani. Manomi sai ya auna wanne ya fi sauƙi cikin hasarar biyu. Masu bincike sun fid da iri masu ɗan juriya, irin su Giza 402 da Giza 843, waɗanda suka rage nauyin abin ba tare da sun kawar da shi ba.

A noman 1991 zuwa 1992 kuma wata cuta mai sa ganye ya yi rawaya ya bushe ta faɗa wa gonakin tsakiyar Masar, wuraren Bani Suwaif da Minya, ta cinye kusan duk amfanin shekarar. Darɓa ce ke yaɗa ta, kuma cikin masu yaɗawar har da irin darɓar nan ta wake da gyaɗa wadda ta kawo mana kuturtar gyaɗa a 1975. Mu mun san abin da ya biyo bayan waccan shekara: manomi ya ji tsoro ya koma ga wani abu, dalar gyaɗa ta zama labari. Haka ya faru a Masar. Tsakanin haluk da cuta da ribar alkama da ciyawar dabbobi da gwozar sukari, waɗanda duk cikin sanyi ɗaya ake nomansu a ƙasa ɗaya, filin ful ya yi ta raguwa, jama'a kuwa suna ta ƙaruwa. Yau Masar ce ta fi kowace ƙasa sayen ful daga waje, fiye da rabin abin da take ci ta jirgin ruwa yake zuwa, daga Ostareliya da Ingila da ƙasashen bakin Tekun Baltik. Ostareliya, wadda ta fid da irinta na farko mai suna Fiord a 1980, ita ma cikin hunturunta take nomansa, sai dai nata a juye yake: shuka a Afrilu da Mayu, fure a Agusta da Satumba, girbi kafin ƙarshen shekara. Ashe abincin da Sudan ke kira waken Masar, Bature ne ke noma wa Masar shi.

To, mu fa?

Mu koma ga tambayar farko. Manomanmu na rani sun san wannan lissafi sarai ta wajen alkama. Duk wanda ya yi noma a Kadawa ko Haɗeja ya san in ba a shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ba, zafin Maris zai riski zangarniya ba ta cika ba. Ful kuwa ya fi alkama ƙin zafi lokacin fure. A duba taswira: Dongola tana wajen digiri 19 arewa da tsakiyar duniya, Hartum ta haura 15, Wad Madani ta Jazira ta haura 14, Kano kuwa 12. Watau mu muna kudu da wurin da Sudan kanta ta ga ful ya fara gazawa. Hunturunmu yana da sanyin dare da asuba, amma da hantsi ya yi sai rana ta buɗe, kuma tun tsakiyar Fabrairu iskar ta fara juyawa. Wanda ya zuba kuɗinsa ya shuka eka guda ta ful a fadamar Kano ko Sakkwato don ya ga ana sayar da gwangwani da tsada, zai iya samun kore shar da fure mai ƙamshi, ya tashi da kwanso kaɗan.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Habasha, wadda take kusa da tsakiyar duniya kamarmu, amma take noman ful da damina a kan tsaunuka masu tsayin mita 1,800 zuwa 3,000, inda tudu ya tsaya a madadin hunturu. Tudun Jos bai wuce wajen mita 1,200 zuwa 1,300 ba a yawancin wurare, na Mambila kuwa ya haura 1,500. Nan ne dankalin Turawa da shayi suka karɓa, nan ne kuma ya kamata a gwada ful in za a gwada, cikin Nuwamba, a kan kunya biyu ko uku, da ruwa a kusa. Iri kuma a nemo na Sudan ko na Habasha mai saurin nuna. Irin Ingila mai kwana cikin ƙanƙara an yi shi ne domin wata bakwai na sanyi da doguwar ranar bazararsu, ba shi da abin yi a nan. Wannan aiki ne da ya fi dacewa da cibiyoyin bincikenmu, kamar ta Samaru, kafin a ce talaka ya sa jarinsa. Kafin nan, wakenmu na gida, wanda Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen nomansa, yana yin ƙosai da alale ba tare da ya roƙi sanyi ba.

Abincin wani gubar wani

Akwai magana ɗaya da ba za a rufe wannan fili ba a faɗe ta ba, domin ta shafi rai. Ful yana ɗauke da wasu sinadarai biyu waɗanda ba sa cutar da yawancin mutane, amma suna farfasa jajayen ƙwayoyin jini ga wanda aka haifa da ƙarancin wani sinadarin kariya da likitoci ke kira G6PD. Gado ne, ta wajen uwa yake bin 'ya'ya maza, don haka maza ya fi kamawa. An ƙiyasta masu shi sun kai miliyan 400 a duniya, kuma ya fi yawa a ƙasashen zazzaɓin cizon sauro, Nijeriya tana cikin na gaba-gaba. Mutum yana iya girma da shi bai sani ba, tun da wakenmu ba ya tayar da shi. Irin da ya fi yawa a Afirka ta Yamma bai kai na ƙasashen Bahar Rum tsanani ba, amma shi ma yana kwantar da mutum.

Alamunsa sukan bayyana daga 'yan sa'o'i zuwa kwana biyu bayan cin ful: kasala, ɗashewar jiki, idanu su yi rawaya kamar na mai shawara, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi. Yara ƙanana maza su ne suka fi shiga hatsari, wani lokaci sai an yi ƙarin jini. Ɗanyen ful na farkon roro ya fi kawo shi, shi ya sa a ƙasashen Bahar Rum asibitoci suka fi ganinsa da bazara. Dafuwa ba ta kashe sinadaran, kuma mai shayarwa in ta ci yana iya bin nono ya isa ga jariri. Masu bincike a Turai sun gano ƙwayar gadon da ke haɗa waɗannan sinadarai cikin tsiron a 2021, akwai kuma iri masu ƙarancinsu da ake nomawa, amma mai saye a kanti ba shi da hanyar sanin wanne ke cikin gwangwaninsa.

Saboda haka alhazai da ɗalibai da 'yan kasuwa masu dawowa da tsarabar ful, a yi hattara da ƙananan yara. Gidan da aka san jarirai suna yin shawara mai tsanani bayan haihuwa, ko wani ya taɓa yin baƙin fitsari bayan shan maganin zazzaɓi, to, a je asibiti a auna jini kafin a ɗora tukunya, gwajin ba mai wuya ba ne. Wanda kuma ya ga waɗannan alamu ga yaronsa bayan cin ful, kada ya tsaya jiƙe-jiƙen shawara a gida, ya garzaya asibiti, ya kuma gaya wa likita abin da yaron ya ci.

Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.